Wa Ya Raba Ni Da Aji Biyu?

Daga Auta zuwa ga Yaya
Asabar, sati na uku da komawa makaranta

Assalamu alaikum Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Inna ta ce in gaishe ka, in kuma tambaye ka ko kana shan maganin cikin nan ko ka tura shi ƙasan akwati kamar wancan karon. Ƙafarta ta yi sauƙi, jiya har bakin titi ta taka. Tunda ka ce sansaninku babu sabis sai an hau tudu, kuma ko an hau ɗin ana jin mutum kamar daga cikin rijiya, na koma wa biro da takarda. Direban motar kayanku ya ce duk sati biyu zai riƙa biyowa ta nan.

Albishirinka: an ba ni aji nawa na kaina. Aji biyu na ƙaramar sakandare, yara hamsin da huɗu, daga 'yan shekara sha biyu zuwa sha huɗu. Ni ce malamar ajinsu, ni ce kuma mai koya musu kimiyya.

Ranar farko na tambaye su mene ne zazzaɓi. Suka haɗa baki suka rera mini amsar littafi kamar waƙa, ko harafi ba su yar ba. Washegari na zo da kwalbar maganin zazzaɓi da babu komai a ciki, na ce, "Ƙaninka ɗan shekara shida jikinsa ya yi zafi, babu babba a gida. Ga kwalba. Cokali nawa aka rubuta a ba shi?" Kwalbar ta zagaye ajin kaf ta dawo hannuna, ba wanda ya ce uffan. Yaya, abin ya tsaya mini a rai. Nan da shekara biyu wasunsu za su wuce gaba, wasu su kama sana'a, amma ba mai iya karanta jikin kwalba.

Sai na juya bencina. Yanzu shida-shida suke zama suna fuskantar juna, kowane rukuni da mai magana da mai rubutu da mai kula da lokaci, kuma kowace rana ana sauyawa. Na kafa doka: duk wanda ya ɗaga hannu ya ce "ban gane ba", a tafa masa. Ranar Laraba bayan tara kuma muna abin da suka sa wa suna darasin zaman duniya. Mun yi yadda ake tsayar da haɓo, da yadda ake ɗinke maɓalli, da yadda za ka ce wa mutum ba ka yarda da maganarsa ba ba tare da ka ambaci uwarsa ba. Wannan na ƙarshen ya fi ba su wuya.

Akwai wata yarinya da ke zama jikin taga, 'Yar Taga nake kiranta a raina. Sati uku ban ji muryarta ba. Malamai sun ce haka take tun aji ɗaya, in bar ta. Ni dai ina kallonta.

Ka gaishe da abokan aiki.
Ƙanwarka, Auta

Daga Yaya zuwa ga Auta

Wa alaikumus salam Auta,

Na sami wasiƙarki, na ji daɗin ƙafar Inna. Ki ce mata ina shan maganin. Ki faɗa mata haka ɗin dai, kada ki ƙara komai. Mu ma lafiya lau, sai sauro da ƙarar inji. Gadar da muke ginawa ƙafa bakwai ce, mun tsayar da uku. Kullum ina bakin kogi da na'urar awo, na yi baƙi har ba za ki gane ni ba.

To, Malama Auta! Yau ke ce mai koya wa 'ya'yan mutane ɗinkin maɓalli? Ke da kika yi shekara guda kina kama rigar makarantarki da fil? Na karanta wa abokan ɗakina wurin nan, sai da ɗaya ya ƙware da shayi.

Amma ban da wasa. Direba ya ce ya gan ki kin rame, muryarki ta dishe, hannunki fari fat da alli. Yara hamsin da huɗu, kuma kin ba kowa izinin magana? Ni ma'aikata ashirin ne a ƙarƙashina, manya da gemu, amma in suka fara surutu kaina sarawa yake. Tun rasuwar Baba ni nake ɗora ki a keke in kai ki makaranta, kuma duk tsawon hanyar nan abin da nake ayyanawa shi ne wata rana in gan ki zaune a inuwa, kina aiki cikin mutunci. Ban ce koyarwa ba mutunci ba ce. Na dai ce ki tausaya wa jikinki.

Ki riƙa cin abinci kafin ki fita.
Yayanki

Daga Auta zuwa ga Yaya
Juma'a

Yaya,

Barka da aiki. Inna lafiya, tana gaishe ka. Ni ma da sauƙi, in dai numfashi ake nufi.

Wannan satin ban ga irinsa ba. Ranar Litinin muna gwajin abin da ke nutsewa da abin da ke yawo a kan ruwa, kowane rukuni da bokitinsa. Na juya baya ke nan, biyu suka kaure da faɗa a kan kwalba, bokiti ya kife, ruwa ya bi ta ƙasan ƙofa ya shiga ajin maƙwabcina. Malamin lissafi ne, shekararsa ashirin yana koyarwa. Ya fito riƙe da takalminsa a hannu ya ce, "Malama, kasuwa kika buɗe ko wanki?" Yara suka tuntsire da dariya.

Talata wani uba ya zo, bakanike ne, da kayan aikinsa a jiki. Bai tsaya ofis ba, kai tsaye ajina ya shigo yana kaɗa littafin ɗansa. Ya ce ɗan maƙwabcinsa da ke wani ajin ya cika shafi talatin, nasa shafi huɗu. Ya ce, "Ni makaranta na kawo shi ko hira? In ɗinki nake so ya koya ai na san shagon tela." A gaban yaran, Yaya. Ɗan nasa ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Laraba aka yi gwajin tsakiyar zango. Cikin azuzuwa uku na 'yan aji biyu, nawa ne na ƙarshe. Tambayoyin duk na hadda ne, amma wa zai saurari wannan? Shugaban makaranta ya kira ni ofishinsa, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Malama, niyyarki mai kyau ce, amma jarrabawa ba ta tambayar niyya. Ki yi tunani a kan bencinan nan." Na fito na shige ɗakin ajiye tsintsiya na yi kukana, na wanke fuska na koma aji.

'Yar Taga kuwa na gano abin da ke damunta. In'ina take yi. Na matsa mata ta karanta layi ɗaya, ta maƙale a kalmar farko, wani ya kwaikwaye ta, ta kifa kai a benci har aka tashi. Ni na jawo mata.

Wallahi Yaya na gaji. Da wani zai zo ya ɗauke ni daga ajin nan ya ajiye ni inda babu yaro ko ɗaya, da na gode masa.

Kada ka gaya wa Inna, ba ta san komai ba.
Auta

Daga Yaya zuwa ga Auta

Auta,

A tsaye nake rubuta wannan, direba na jira. Lafiyata ƙalau. Ki gaishe da Inna.

Na karanta wasiƙarki sau uku, ban iya cin abinci ba. Wani ƙato ya shigo har aji ya ci miki mutunci, ki shiga cikin tsintsiyoyi kina kuka, ni ina nan ina auna kogi? Ki share hawayenki. Kin faɗa, na ji. Ki bar mini sauran. Muddin ina da rai ba za ki wulaƙanta ba.

Jibi zan shiga hedkwata kai rahoto, kwana uku zan yi in dawo. Hadari ya fara haɗuwa sosai a nan, in kin ji shiru hanya ce.

Yayanki

Daga Auta zuwa ga Yaya
Lahadi

Yayana,

Sati biyar ke nan ba direba. An ce ruwa ya cinye hanyar da ke shiga wurinku. Ina rubutawa in ajiye, duk ranar da ya zo ya tafi da ita. Inna lafiya, kullum sai ta sa na leƙa titi. Ina fata ruwan bai shigar muku ɗaki ba.

Na gode da 'yar gajeriyar wasiƙarka. Da ka ce in bar maka sauran na san addu'a kake nufi, kuma ga alama ka yi ta da gaske, don abubuwa sun juya.

Ban mayar da bencinan ba. Na dai ƙara musu rubutu kaɗan don iyaye su ga shafi. Na kuma nemi gafarar 'Yar Taga a gaban kowa, na ce na yi kuskure da na matsa mata. Yaran ba su taɓa jin malami ya ba ɗalibi haƙuri ba. Su da kansu suka kafa sabuwar doka: in mutum yana magana, a jira shi ya gama, ko zai kai gobe.

Akwai famfo a bayan ajinmu da ya shekara yana zuba, kowa ya saba tsallake taɓon. Na ce musu, "Ruwa nawa yake zubarwa a rana?" Ban ba su hanya ba. Rukuni ɗaya ya kawo kofi, wani ya aro agogo, suka yi ta gardama kwana biyu, suka auna, suka ninka, suka sami bokiti arba'in da ɗaya. Malamin lissafin nan ya leƙo ta taga ya duba aikinsu, ya gyara musu wuri ɗaya, ya tafi yana gyaɗa kai. Daga nan suka koyi rubuta wasiƙar koke, sau huɗu suna sakewa. Da aka zo zaɓen wanda zai karanta ta a gaban Shugaba, sai na ga hannu ya ɗago daga jikin taga.

Yaya, layi shida ne. Ta fi minti biyar tana karantawa. Ta maƙale a kan "famfo" har gumi ya karyo mata. Yara hamsin da uku suna tsaye a ƙofar ofis, ba wanda ya motsa. Ɗan bakaniken nan ne ya riƙe mata takardar. Da ta kai ƙarshe Shugaba ya ce, "Na ji, 'yata." Kwana biyu aka turo mai gyara. Ni ban san lokacin da na fara hawaye ba.

Shi ma bakaniken ya dawo. Wani a garejinsa ya ƙone da ruwan lagireto, ana ta neman baƙin mai a shafa masa, ɗan nasa ya hana, ya ja hannun ya sa a ruwan sanyi kamar yadda muka yi ranar Laraba, ya ce a tafi asibiti. A can aka ce ya yi daidai. Uban ya tsaya a bakin ƙofata yana murza hularsa, ya ce, "Malama, wai yaushe za a yi na karaya?" Iyakar ban-haƙurinsa ke nan, na kuwa karɓa.

Waccan wasiƙar tawa ta kuka, ka yaga ta. Gajiya ce kawai. Na yi alkawari da yaran nan ni zan kai su aji uku, kuma ko da me za a ba ni ba zan bar su ba.

Autarka

Daga Auta zuwa ga Yaya
Alhamis

Yaya,

Ina fata kana lafiya. Inna lafiya. Har yanzu waccan wasiƙar tana kan tebur, ga wata na ɗora mata.

An raba ni da ajina.

Ranar Litinin masinja ya kawo takarda daga ofishin ilimi. An yi mini canjin wurin aiki zuwa can, sashen karɓar wasiƙu, in kama aiki Litinin mai zuwa. Babu dalili, babu komai, sai sa hannu da hatimi. Na karanta a tsakiyar darasi, da alli a hannuna.

Ban tsaya tunani ba na faɗa ofishin Shugaba. Akwai malamai biyu a ciki da magatakardansa. Na ce masa, "Ashe fuska biyu gare ka? Ka ce wa yarinya 'na ji, 'yata', ka juya ka rubuta a kore ni? In bencina ne suka tsone maka ido ai sai ka faɗa mini a fuskata." Na faɗi wasu maganganun da ba zan iya rubutawa ba. Mutumin nan ya girmi Baba da yana raye. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Malama, na rantse ban san da wannan takarda ba. Abin da na rubuta musu shi ne su turo malaman wasu makarantu su ga ajinki." Na ce ban yarda ba, na fita na bugo masa ƙofa.

Jiya Laraba na gaya wa yara. Na shirya maganata tun daga gida, amma da na tsaya gabansu ta gudu. Wani ya ce, "Malama, laifin ruwan nan da muka zubar ne?" Wata ta ce za su daina surutu kwata-kwata, in dai zan zauna. Ka ji fa, su daina maganar da na sha wuya kafin su fara. Da aka tashi 'Yar Taga ta tsaya har kowa ya fita, ta zo ta buɗe baki, ta yi ta ƙoƙari, kalmar ta ƙi fitowa. Na jira ta. Sai ta girgiza kai ta fita da gudu. Har yanzu ban san me ta so faɗa mini ba.

Wanda zai karɓi ajin ya riga ya zo dubawa. Tambayarsa ta farko, wa ya hargitsa bencinan nan.

Yaya, kai ka san mutane, ka san yadda ofisoshi suke. Wa na tsare wa hanya? Wa ya tsane ni haka? In ba Shugaba ba ne, wane ne? Ina kwana ina tashi da tambayar nan.

Auta

Daga Yaya zuwa ga Auta

Auta,

An gyara hanya. Yau direba ya miƙo mini wasiƙunki biyu a haɗe. Na karanta ta farko ina dariya ni kaɗai a bakin kogi, kafin in kai ƙarshenta jikina ya yi sanyi. Ta biyun a zaune na karanta ta.

Ba wanda ya tsane ki. Ni ne.

Da na shiga hedkwata na nemi wani abokina da muka yi makaranta tare, yanzu babba ne a harkar ilimi. Na zauna a ofishinsa na ce ƙanwata tana cikin wahala, an ci mata mutunci, lafiyarta na taɓuwa, ita da bakinta ta ce a ɗauke ta daga aji. Har layin na nuna masa. Ya ce wurin zama a ofis mutane ke rububinsa, amma saboda ni zai duba. Na fito ina jin na yi abin kirki. Ban gaya miki ba don ina so ya zo miki a matsayin albishir. Har na riƙa hango fuskarki in kin buɗe takardar.

Ba addu'a nake nufi ba, Auta. Da ma ita na yi na tsaya.

Na sake duba waccan wasiƙar taki. Shafi biyu kika cika da yaran nan, har da damuwar kin sa wata ta kifa kai a benci. Wanda yake son barin aji ba ya rubuta haka. Duk ban gani ba, layi ɗaya na ɗauka, saboda shi ne layin da na daɗe ina so ki faɗa. Gaskiyar ke nan, ko da ba ta yi mini daɗi ba.

Shugabanku ba shi da laifi. Ki nuna masa wannan takarda in kina so. Zan nemi izini in koma wurin abokin nawa. Ban san da wane baki zan ce ki yafe mini ba, amma ina cewa.

Yayanki

Daga Yaya zuwa ga Auta

Auta,

Sau biyu direba yana dawowa hannu wofi. Ya ce Inna ce take karɓar saƙo, ke kina ɗaki. Ina fata lafiya kuke.

Na je. Abokin nawa ya saurare ni, ya ce, "Kai ka zo ka ce tana mutuwa, na ture mutum uku na sa ta. Yanzu in koma in ce wasa muke?" Ya ce an riga an cike gurbinki, kuma ƙa'ida sai kin shekara biyu a sabon wuri kafin a duba wani canji. Na roƙe shi har na ji kunyar kaina. Ya raka ni ƙofa ya ce in gaishe ki.

Na ƙirga, shekara biyu yaranki sun gama sun tafi.

Ba na neman ki ce komai ya wuce. Ko zagi ne ki rubuto. Shirun nan ya fi mini ciwo.

Yayanki

Daga Auta zuwa ga Yaya
Asabar, satin ƙarshe na zango

Assalamu alaikum Yaya,

Muna lafiya. Ƙafar Inna ta ɗan motsa da sanyin nan, amma tana takawa. Na sami wasiƙunka duka biyu. Na fara ba ka amsa sau da yawa ina yagawa, don abin da ke fitowa ba irin wanda ake aika wa yaya ba ne.

Na je wurin Shugaba. Ban nuna masa takardarka ba, na ce masa dai na gano ba shi ba ne, na durƙusa na ba shi haƙuri a gaban mutanen da na zage shi a gabansu. Ya ce ya yafe tun ranar. Ya ce, "Ni ma da za a raba ni da aji irin wannan, ƙofar ma cire ta zan yi." Wannan maganar ta fi zagi zafi a wurina.

Ka so in zauna a inuwa, to ga ni a ciki. Tebur ne a bakin ƙofa, da fanka a sama, da hatimi da tawada. Duk wasiƙar da ta shigo ni nake karɓa, in buga mata hatimi, in rubuta lamba, in sa a fayil. Muryata ta dawo. Hannuna tas. Wani lokaci tun daga safe har azahar ba na furta abin da ya wuce "ajiye nan".

Ranar Talata bayan an tashi makaranta, na ɗago kai na ga yara biyar a ƙofar ofis cikin kayan makaranta, ƙafafunsu duk ƙura. A ƙasa suka tako. Sun zo ganin Daraktan ofishinmu. Masinja ya ce su jira, suka zauna a benci awa biyu, a ƙarshe aka ce ya fita ta ƙofar baya, in suna da takarda su ba mai karɓar wasiƙu. Ba su san ni ce ba. Da suka shigo suka gan ni, muka tsaya muna kallon juna.

'Yar Taga ce ke riƙe da ambulan. Ta zo gaban teburina ta ce, "Mun kawo koke." Kalma uku, ta ɗan maƙale a ta ƙarshe, amma ta fitar. Na buɗe. Suna roƙon a mayar musu da malamarsu. Sun sa kwanan wata a inda ya dace, sun kawo dalilai huɗu, duk ajin sun sa hannu a baya, har da wani babban sa hannu da baƙin mai a gefensa. Kuskure ɗaya ne kawai a ciki, hannuna har ya kai ga jan biro na tuna ba aikina ba ne yanzu.

Na buga mata hatimi, Yaya. Na ba ta lamba. Na san fayil ɗin da za ta shiga, na san ba mai buɗe shi. Ɗan bakanike ya ce, "Malama, yaushe za a ba mu amsa?" Ban taɓa yi musu ƙarya ba, ban kuma so in fara ranar ba. Na ce, "Wataƙila ba za a ba ku ba. Amma kun yi komai daidai." Ya ce, "In mun yi daidai me ya sa ba za a ba mu ba?" Na raka su titi na sa su a mota, na dawo na zauna a ƙarƙashin fanka.

Ba zan ce maka komai ya wuce ba, don bai wuce ba. Na san so ne ya sa ka. Kai ka goya ni, kai ka tsaya mini a kan komai, shi ya sa kai kaɗai nake iya kai wa kukana. Kuka na kawo maka, Yaya, ba aike ba. Da ka tambaye ni sau ɗaya, "Auta, da gaske kike?" da na ce maka a'a tun kafin ka rufe baki. Yanzu in na gaji ban san wa zan gaya wa ba, ina tsoron a taimake ni.

Ka zo hutu in an ba ka. Ɗakinka na nan, kuma zan gaishe ka kamar kullum. Abu ɗaya nake roƙo, kada ka gaya wa Inna. Ba ta san kai ne ba, ba ta ma san akwai abin baƙin ciki a ciki ba. Murna take yi, duk wanda ya shigo sai ta ce masa autarta ta koma ofis. Kullum in ta idar da sallar asuba sai ta ɗaga hannu ta sa wa wanda ya yi mini wannan hanya albarka, ta ce ko wane ne Allah Ya jiƙan iyayensa, Ya raba shi da baƙin ciki. Sai ta juyo ta ce, "Ke ba za ki ce amin ba?"

Ina cewa, Yaya. Wata rana har zuciya, wata rana a baki kawai.

Ƙanwarka, Auta